Darasi Na Goma Sha Bakwai: Turaren Da Ya Dace Da Bazara

Idan watan Maris ya raba tsakiya, iskar hunturu ta kwanta, hazo ya yaye, to, duk wanda ya girma a Achilafiya ko Karkarna, ko a ƙasar duwatsu ta Kazaure da Roni da Gwiwa, ko kuwa can Babura wajen iyakar Nijar, ba sai an gaya masa abin da ke tafe ba, ya san bazara ce ta kawo kai. Daga nan har saukar ruwan farko, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 da tsakar rana a cikin Afrilu da Mayu, ruwan rijiyoyi ya ja baya, a bar ɗaka a koma kwanan tsakar gida, mutum ya yi wanka da hantsi, kafin azahar rigarsa ta manne masa a gadon baya. A cikin wannan yanayi ne ake cika sahun Juma'a kafaɗa da kafaɗa, a cikinsa ne ake cusa fasinjoji a ƙaramar mota a kan hanyar Daura zuwa Kano, a cikinsa ne kuma mata suke cika ɗakin amarya ko na mai jego har numfashi ya yi wuya. Saboda haka muka ga ya kamata a ba maganar turaren bazara darasi guda sukutum, gama ta shafi tsafta, ta shafi lafiya, ta shafi kuɗin da magidanci ya sha wuya kafin ya samu, uwa uba kuma ta shafi haƙƙin ɗan'uwa wanda Allah ya ƙaddara ya zauna kusa da kai.

Matsayin turare a wurinmu

Babu Musulmin da zai raina sha'anin turare, tun da yake ya tabbata a cikin littattafan hadisi cewa yana daga cikin abubuwan duniya da aka soyar wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Imamul Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Maliku cewa idan an miƙa masa turare ba ya mayarwa. Amma akwai wata ruwaya wadda ta fi kusa da darasinmu, ita ce ta Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, inda ta ba da labarin yadda mutane suke tahowa sallar Juma'a daga gidajensu da ƙauyukan gefen Madina, sun sha ƙura, sun yi gumi, wari yana tashi daga jikinsu, sai aka yi musu nuni da su riƙa yin wanka domin wannan rana. Wanda ya yi nazarin wannan zai ga cewa shari'a ta fara da ruwa, sa'an nan tufa mai tsafta, sa'an nan asuwaki, turare kuwa shi ne ya zo daga ƙarshe ya cika adon. Haka nan an hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya kusanci masallaci, malamai kuma suka yi ƙiyasin duk wani abu da zai cutar da masallata a kan wannan hukunci.

Kakanninmu sun riƙe wannan sunna da hannu biyu. Sun san almiski, wanda asalinsa daga jikin wata irin barewa ce ta duwatsun Asiya, wanda kuma Muhtasar na Shehu Halilu ya lissafa shi cikin abubuwa masu tsarki. Sun san ambar da ake tsinta a bakin teku, da jibda, da sandal, da wardi, da itacen udu da alhazai suke kawowa tsaraba. Mata kuwa sun gaji haɗin humra da turaren wuta daga 'yan'uwanmu na Barno, da farce da kajiji da sauran kayan haɗi waɗanda har yau ake samu a Kasuwar Kurmi ta Kano, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Daga baya aka sami turaren kwalba, irin su Bint el Sudan, wanda wani Bature mai suna Eric Burgess, ma'aikacin kamfanin W. J. Bush na Landan, ya fito da shi a 1920 bayan ya je ƙasar Sudan, wanda kuma yanzu a Kano ake yin sa. Da wuya a sami gidan da wannan 'yar kwalba ba ta taɓa shiga ba, ko cikin lefe, ko cikin kayan haihuwa, ko cikin kayan jana'iza.

To, sai dai galibin waɗannan turaruka masu nauyi ne, an yi su da mai ko da ƙaro ko da itace, kuma an yi su ne domin su kama jiki da tufa su kwana, har su yi kwanaki. Wannan kuwa babbar falala ce a cikin hunturu, lokacin da sanyi yake danne ƙamshi, mutum ya turara bargonsa da babbar rigarsa ya ji daɗi. A cikin bazara kuwa, da tsakar rana, al'amarin yakan juya.

Abin da zafi yake yi wa turare

Ƙamshi ba wani abu ba ne illa ƙananan ɓurɓushi, waɗanda ido ba ya iya gani, da suke tashi daga jikin turare su bi iska su shiga hanci. Gwargwadon zafin wuri, gwargwadon saurin tashinsu. Ku dubi ruwan da ake yayyafawa a ƙofar zaure: idan da asuba aka yayyafa, sai a yi hantsi ƙasa tana da danshi, idan kuwa da azahar ne, kafin a ajiye bokiti ta bushe. Haka turare yake a jikin mutum. Ɗigon da zai yini yana fita a hankali a watan Janairu, a watan Afrilu sai ya taso gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ya cika ɗaki ko mota, ya hau wa mutane kai. Shi ya sa za ka ga an shiga mota da mai turare mai ƙarfi, tun ba a yi nisa ba wata baiwar Allah mai laulayi ta fara tashin zuciya, mai asma ya fara tari, wani ya dafe kai, alhali shi mai turaren bai san ya yi laifin komai ba.

Dalilin rashin saninsa kuwa shi ne, Allah ya halicci hanci da saurin sabo. Duk ƙamshin da ya daɗe tare da mutum, hancinsa yakan daina kai labarinsa ga ƙwaƙwalwa, sai ya zaci turaren ya tafi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, na kusa da shi kuwa suna shan wahala. Wannan shi ne babban kuskuren masu son turare, manya da yara, kuma maganinsa guda ne: kada mutum ya sa hancinsa ya zama alƙali, ya tambayi iyalinsa ko abokinsa.

Akwai kuma batun gumi, wanda ya kamata kowa ya fahimta sosai. Gumi a lokacin da yake fitowa kusan ba shi da wari. Waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da suke zaune a fatar ɗan Adam, musamman a hammata da matsematsi, suke cin abin da ke cikinsa, su ne kuma suke haifar da tsamin da ake ji. Turare ba ya kawar da wannan aiki nasu, ba ya wanke abin da suka bari. Idan aka zuba humra ko udu a kan jikin da ya yini yana gumi, sai a sami wani abu na uku, wanda ya fi warin gumin kansa tayar da hankali. Wallahi da mutum ya yi haka, gara ya sami ruwa rabin bokiti da sabulu ya cuɗa jikinsa, ya sa riga wankakkiya ta auduga, ya fita ba turare ko ɗigo. Na san ruwa yana wuya a waɗansu unguwanni a wannan lokaci, kuma na san abin da ake biyan 'yan garuwa. To, ko buta guda ce, a wanke hammata da wuya da ita kafin a taɓa kwalba. Alif da iyayenmu suke shafawa a hammata bayan wanka yana rage gumi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Turare mai sanyin ƙamshi

Mutanen ƙasashe masu zafi sun daɗe suna neman ƙamshin da zai sanyaya rai. Ruwan wardi, wanda garin Ɗa'ifa na ƙasar Hijaz ya shahara da shi, yana daga cikin irin wannan, kuma malaman Musulunci na farko sun yi zurfi a ilmin tatsarsa, har Alkindi, masanin Bagadaza na ƙarni na tara, ya wallafa littafi guda a kan haɗa turare da tace shi. A birnin Kanauj na ƙasar Indiya, inda zafin bazara yake kamar namu, masu turare sukan dafa gasasshen yumɓu a tukunyar tagulla, su kama tururinsa a cikin man sandal, su sami ƙamshin nan da ƙasa take yi ran da aka yi ruwan farko, wanda duk manomin ƙasar Kazaure ya sani, kuma ransa yake ɗokinsa tun daga watan Afrilu. Suna kuma tatsar saiwar wata ciyawa, 'yar'uwar jemar da ke fitowa a fadamunmu, suna shafawa a lokacin zafi. Mu ma a nan, matar da ta turara randa da kajiji domin ruwan sha ya yi daɗi, ko ta tsinko furen lalle ta ajiye a ɗaka, abin da take nema ke nan.

A ƙasar Turai kuwa, a 1709, wani mutumin Italiya mai suna Farina, mazaunin birnin Kolon na Jamus, ya haɗa man ɓawon lemo iri iri a cikin alkohol ya fito da wani turare marar nauyi wanda ya ɗauki sunan garin, har yau kuma ana kiran irinsa da wannan suna. Sa'an nan a 1966 masana haɗa magunguna na kamfanin Pfizer na Amurka suka ƙirƙiro wani sinadari da ake kira Calone, wanda idan aka sa ɗan kaɗan ƙwarai sai a ji kamar an yanka kankana mai sanyi a wurin da iska mai danshi take kaɗawa. Ya yi shekara kusan ashirin ba a damu da shi ba, sai a ƙarshen shekarun 1980 masu haɗa turare suka farga da shi da sauran sinadarai masu kama da shi, daga nan turaruka masu ƙamshin ruwa suka cika duniya. Cool Water ya fito a 1988, L'Eau d'Issey a 1992, Acqua di Giò na maza a 1996, Light Blue kuma, wanda ya haɗa ƙamshin lemon tsami da na tuffa, ya fito a 2001. Na asali suna da tsada ƙwarai, sai dai masana'antun Dubai da Indiya da na nan gida sun kwaikwayi salonsu, shi ya sa yau a Achilafiya, wadda ke nesa da tekun Legas da fiye da kilomita 1,000 ta hanyar mota, saurayi yakan tsaya gaban mai tebur ya ce, "Malam, a ba ni mai sanyi, mai ƙamshin ruwa," a miƙo masa 'yar kwalba shuɗiya.

A nan akwai abin da ya wajaba ɗalibi ya sani, domin kada hoton da ke jikin kwali ya ruɗe shi. Ƙamshin lemo, da na lemon tsami, da na wani ɗan'uwansu da ake nomawa a kudancin Italiya mai suna bargamot, ana iya matso shi daga ɓawo da gaske. Amma kankana da mangwaro da tuffa da abarba, ba a matso ƙamshinsu a sa a turare, haka nan ba a ɗebo ruwan teku a zuba a kwalba. Duk haɗi ne na ɗakin bincike, wanda aka yi da hikimar da Allah ya sanar da ɗan Adam. Wannan ba aibi ba ne, kuma ba ya nuna turaren jabu ne. Illa iyaka a kiyaye shi daga yara ƙanana, gama yaro idan ya ji ƙamshin mangwaro ya ga ruwa mai launi, bakinsa zai kai, abin da ke ciki kuwa guba ne ga cikinsa.

Abin da ya sa irin wannan turare ya dace da bazara shi ne, kayan da aka yi shi da su masu saurin tashi ne, ba sa taruwa su yi nauyi a ɗaki, kuma ƙamshin lemo da na ruwa ba ya faɗa da ɗan gumin da ba makawa sai an yi shi, yadda mai zaƙi da mai maiƙo suke yi. Amma wannan falala tasa ita ce kuma take jawo masa zargi. Sau da yawa mutum yakan koma wurin mai turare da fushi ya ce an cuce shi, ya fesa da safe, kafin azahar babu ko alama. To, ba lalle ne an cuce shi ba. Kowane turaren kwalba hawa uku ne: akwai ƙamshin fari, wanda shi ne na lemo da 'ya'yan itace, ba ya wuce rabin sa'a, akwai na tsakiya, na furanni da ganyaye, wanda yakan yi 'yan sa'o'i, sa'an nan na ƙarshe, na itace da almiski, wanda shi ne yake kwana a riga. Turaren bazara ƙarfinsa yana hawa na fari da na biyu, saboda haka wanda ya saye shi yana so ya kwana biyu a jikinsa, ya nemi abin da ba a yi shi dominsa ba.

Masu karatun boko cikinku su duba jikin kwalba, za su ga an rubuta ƙarfinta da Faransanci. Inda aka sa Parfum, man ƙamshin da ke ciki yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Eau de Parfum kimanin kashi 15 zuwa 20. Eau de Toilette kimanin 5 zuwa 15. Eau de Cologne kuwa bai cika wuce kashi 5 ba. Biyun ƙarshen nan su ne na rana a bazara. Masu ƙarfin a ajiye su sai bayan isha'i, ko ranar Salla, ko a jira hunturu.

Yadda ake sa shi

Bayan wanka, jiki ya bushe, a fesa sau biyu ko uku, a ƙirji ƙarƙashin riga, ya wadatar. Idan ya tafi da rana, alwalar azahar ko ta la'asar dama ce: a share wuya da hannuwa da ruwa, a ƙara fesawa ɗaya. A tufa ya fi daɗewa fiye da a fata, amma na mai yakan bar tabo a farar shadda, saboda haka a shafa shi ta ciki, wajen da ba a gani. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne wanda ya miƙo maka hannu kuka gaisa ya ji ƙamshinka, wanda ke bayan sahu uku kuwa kada ya ji. Mai zuwa asibiti dubiya, da mai ɗaukar jariri, da malamin da zai yini da yara a aji mai rufin kwano, su rage ƙwarai ko su bari.

Ga ɗan lissafi. Fesawa guda takan fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na mililita, watau kwalba mai mililita 50 tana ɗauke da fesawa wajen 500. Wanda yake fesa uku da safe, uku da yamma, shida ke nan a yini, kwalbarsa za ta yi masa kwana 83, kusan bazara guda cur. Wanda kuwa yake fesa goma sha biyar a yini, a kwana 33 ya gama da ita, ya ninka kashe kuɗi fiye da sau biyu, ya kuma takura wa jama'a. Allah ya hana mu almubazzaranci, ko a halal ne.

Sai a kula da rana. Man ɓawon lemon tsami da na bargamot suna da wani sinadari wanda idan yana kan fata, hasken rana mai ƙarfi ya buge shi, yakan ƙona wurin ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Manyan masana'antu sukan cire shi, amma wanda ya haɗa nasa a bayan shago ba ka san abin da ya yi ba. Don haka kada a fesa a fuska, ko a wuya da hannun da rana za ta duka, musamman ga mai zuwa sharar gona ko mai tuƙa babur. Masu shafa ruwan lemon tsami a hammata su wanke hannuwansu sosai kafin su fita. Kada kuma a sa turare a kan ƙurajen zafi ko inda aka yi aski yanzu. Mata su lura ƙwarai da wannan: turaren fesawa yana kama wuta nan take, kada a fesa shi kusa da kaskon turare, ko murhu, ko fitilar aci-bal-bal. Gwangwanin fesawa kuma, ko ya ƙare, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa, kada a bar shi a gaban mota cikin rana, gama a jikinsa an rubuta kada zafi ya wuce masa digiri 50, idan ya wuce yana iya fashewa.

A wurin saye

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a sha'anin turare wannan magana tana da ƙarfi, domin masu yin jabu sukan yi amfani da wani irin alkohol mai guba da ake kira metanol, wanda yake shiga jiki ta fata da numfashi, idan kuwa aka sha shi yana makantarwa, yana kisa. A duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna da kayan shafe-shafe, a duba ko rubutun kwalin ya fita sosai, ko murfin ya zauna daidai, ko ruwan yana da gurɓata. Kwalbar da ta yi makonni a kan faranti cikin rana a tasha, ko ta asali ce, ta riga ta gaji, gama turaren lemo ya fi kowane saurin lalacewa: launinsa ya yi duhu, ƙamshinsa ya koma tsami. A gida ma a bar shi cikin kwalinsa, a ƙasan akwati ko a lungun da randa take, nesa da taga.

Kada kuma ka saya da shaƙar fari. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, ɗan ɗiga mini a hannu, in zaga in dawo." Ka je ka gama cefanenka, bayan rabin sa'a ka sansana wurin, abin da ka ji a lokacin shi ne abin da za ka yini da shi. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Idan na ɗurawa ne, wanda ake aunawa a 'yan kwalabe masu mililita 3 ko 6 ko 12, ka fara da ƙaramar, ka ga yadda zai zauna da jikinka, domin turare guda yakan yi daɗi a jikin wani ya yi hamami a jikin wani.

Waɗansu mas'aloli na fiƙihu

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce ta alkohol: shin ya halatta a yi salla da rigar da aka fesa wa irin wannan turare? Jamhurun malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan cewa giya najasa ce. Waɗansu magabata kuwa, irin su Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'adu, suna ganin shanta ne haram, amma jikinta ba najasa ba ne. A kan wannan ne malaman zamani suka saɓa game da alkohol na turare, wanda ba domin sha aka yi shi ba, kuma yakan bi iska cikin ɗan lokaci: waɗansu sun halatta, waɗansu sun ce a nisance shi. Kowa ya koma ga malamin da ya amince da ilminsa da tsoron Allahnsa, kada kuma wanda ya ɗauki fatawa guda ya aibata wanda ya ɗauki ɗayar. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, Allah ya yalwata masa, gama kusan duk waɗannan ƙamshi na ruwa da na 'ya'yan itace yanzu ana samun su a na mai, wanda babu alkohol a cikinsa.

Mai azumi, kamar yadda ya faru a 2022 da Ramalana ya faɗo cikin Afrilu da tsananin zafinsa, shafa turare ba ya karya masa azumi. Abin da malamanmu suka yi gargaɗi a kansa shi ne shaƙar hayaƙin turaren wuta da gangan har ya kai maƙogwaro. Mai harama da Hajji ko Umra ba ya taɓa turare, mai nauyi ko marar nauyi. Haka matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma. Mace kuma an hana ta fita masallaci ko cikin maza da turaren da ƙamshinsa yake tashi, kuma kasancewarsa mai sanyi bai fitar da shi daga wannan hukunci ba. A ɗakinta kuwa, tsakaninta da maigidanta, ta yi yadda take so, lada ma za ta samu. Ina kuma jan hankalin maza a nan, domin da yawa sukan yi wanka su fesa turare idan za su fita, su dawo wa iyali da gumin yini guda su kwanta haka nan. Matarka ita ce ta fi kowa haƙƙin ta ji ƙamshinka, kamar yadda kake so ka ji nata.

Aikin da za ku yi kafin haɗuwa ta gaba: kowane ɗalibi ya ɗauko kwalbar turaren da ke gidansa, ko tasa ko ta iyalinsa, ya kwafe a littafinsa sunanta, da yawan mililitar da ke ciki, da ƙarfin da aka rubuta, da lambar hukuma idan akwai, sa'an nan ya lissafa kwana nawa za ta yi masa idan yana fesa shida a yini. Wanda babu rubutu a jikin tasa, ya zo da ita aji mu duba tare.